Daga sunaye 40 zuwa 1, daga 1 zuwa 16: rikicin asalin Podaxis, laimar kwaɗin hamada

A ƙasashen da ruwan sama yake ƙaranci, daga Sahel ɗinmu zuwa Rajastan ta Indiya, daga hamadar Namib zuwa tsakiyar Ostireliya da busassun yankunan Meziko, akwai wata laimar kwaɗi da ke fasa yashi ta fito 'yan kwanaki bayan an yi ruwa. Fara ce, doguwa, kanta a mulmule yake da ɗan tsawo, jikinta duk ɓawo-ɓawo. Yawanci tsayinta ba ya wuce taƙi guda. Abin da ya raba ta da sauran laimar kwaɗi da muka saba gani a juji ko a gindin bishiya shi ne ita ba ta buɗe laimarta. Tun fitowarta har bushewarta a rufe take. Cikinta yana farawa da fari, ya koma rawaya, ya ƙare a gari mai duhu, tsakanin ja da baƙi. Karan nata kuwa yana taurin itace, ya ratsa tsakiyar kan har ƙololuwa, kuma yakan yi watanni a tsaye cikin rana bayan damina ta wuce. Idan ɓawon ya tsage daga ƙasa, iska ce ke kwashe garin ta watsa shi.

Masana suna kiran wannan jinsi Podaxis. Ƙaramin jinsi ne, ba shi da ɗaruruwan nau'o'i kamar wasu, amma shekara 250 ke nan ana kai ruwa rana a kan tambayoyi biyu game da shi. Ta farko: su wane ne danginsa? Ta biyu: nau'i nawa ne a cikinsa? An taɓa raɗa masa sunaye sama da 40. A 1933 aka tattara mafi yawansu aka ce abu ɗaya ne. A 2023 aka dawo aka ce 16 ne. Mai karatu yana da hakkin ya tambaya ko masanan nan sun san abin da suke yi. Amsata ita ce sun sani, sai dai kowane zamani ya yanke hukunci ne gwargwadon kayan aikin da ke hannunsa da kuma samfuran da aka kawo masa, kuma wannan na biyun shi ne ya fi shafarmu.

Kafin a shiga labarin, sai an fahimci tsanin da ake jera halittu a kai. Matakin ƙasa shi ne nau'i. Nau'o'in da suka fito daga tsatso ɗaya na kusa ana haɗa su a jinsi guda, jinsunan da suka haɗa kaka kuma a sa su a dangi guda, haka har a kai ga babbar masarautar da ta ƙunshi laimar kwaɗi da funfuna da yis, wadda sai a 1969 Robert Whittaker ya tabbatar da raba ta da tsirrai. Kowane nau'i yana da suna mai kalma biyu, ta farko ta jinsi, ta biyu tasa ta kansa, tsarin da Carl Linnaeus na Suwidin ya kafa a 1753. Akwai kuma wata ƙa'ida da duk rikicin Podaxis ya rataya a kanta. Suna ba ya manne da bayanin da aka rubuta a littafi. Yana manne ne da wani samfuri takamaimai, wanda aka busar aka ajiye, wanda mai raɗa sunan ya duba da idonsa. Duk wanda ya zo daga baya yana son ya yi amfani da sunan, sai ya nuna cewa abin da ke hannunsa nau'i ɗaya ne da wancan samfurin asali. Sannan idan aka gano cewa sunaye biyu abu ɗaya suke nufi, wanda ya riga fitowa shi ke tsayawa.

Linnaeus da kansa ne ya fara bayyana ta a 1771, daga wani samfuri da aka kawo daga Indiya. Da ya ga cikinta gari ne, sai ya sa ta cikin Lycoperdon, jinsin waɗannan ƙwallayen da ke tsirowa a ƙasa suna fitar da ƙura idan an taka su, ya kira ta Lycoperdon pistillare. A farkon shekarun 1780 ɗansa ya bayyana wata mai kama da ita, wadda Carl Peter Thunberg ya samo a kudancin Afirka, da sunan Lycoperdon carcinomale. A 1792 Louis Bosc na Faransa ya bayyana ta uku, Lycoperdon axatum, daga Senegal. Sai a 1809 Nicaise Desvaux, shi ma Bafaranshe, ya ce abin da ke da kara mai ratsa kai har sama bai dace a bar shi cikin ƙwallayen ƙura ba. Ya buɗe masa sabon jinsi, Podaxis, kuma samfurin Senegal ɗin nan ne ya kafa jinsin a kansa, da sunan Podaxis senegalensis. Wato tushen wannan jinsi a dokar raɗa suna daga Afirka ta Yamma yake. A 1829 Elias Fries ya kawo na Linnaeus cikin jinsin, amma ya canza rubutun sunan zuwa Podaxon, kuma rubutun biyu suka ci gaba da yawo a littattafai sama da ƙarni guda.

Daga nan sunaye suka yi ta ƙaruwa. Ƙarni na 19 zamanin matafiya ne da sojojin mulkin mallaka da 'yan mishan, kowa ya tsinci wani abu a Masar ko Aljeriya ko Ajantina ko Ostireliya sai ya naɗe shi a takarda ya aika Turai. Masanin da ke zaune a Faris ko Landan yana karɓar samfuri ɗaya ko biyu, busassu, wani a karye, wani ɗanye aka cire shi bai nuna ba, wani ya tsufa iska ta kwashe rabin garinsa. Bai taɓa ganin abin a inda yake tsirowa ba. Idan launin garin ya bambanta da wanda ke littafi, ko tsayin ya fi, ko ƙwayoyin irin sun ɗan fi girma a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya raɗa sabon suna. George Massee na Ingila ya yi ƙoƙarin tsara su a 1890, amma bai hana sababbin sunaye ci gaba da fitowa ba.

Bari mu ɗan ajiye batun adadi, mu duba na dangi, domin shi aka fara warwarewa, kuma shi ne ya fi koyar da darasi game da yadda ido ke yaudarar mai rabe-rabe.

Tsoffin masana sun raba manyan halittun nan gida biyu bisa ga inda suke ajiye irinsu. Akwai masu baje irin a fili, a jikin siraran shafukan da ke ƙarƙashin laima. Akwai kuma masu ɓoye shi a cikin ciki har ya nuna, waɗanda aka tara a rukuni guda mai suna Gasteromycetes. Tun da Podaxis ba ta buɗewa, can aka kai ta, har aka ware mata danginta na kanta, Podaxaceae. Rabon yana da ma'ana a ido, kuma akwai dalili mai ƙarfi a bayansa. Laimar kwaɗi ta gama-gari ba ta barin irinta ya faɗo haka kawai, harba shi take yi. Reginald Buller, wanda ya koyar a Jami'ar Manitoba ta Kanada a farkon ƙarni na 20, ya yi dogon nazari a kan wannan: ana gab da sakin ƙwayar iri, wani ɗigon ruwa ƙanƙani yana taruwa a gindinta daga danshin iskar da ke tsakanin shafukan. Ɗigon yana girma har ya haɗe da ruwan da ke jikin ƙwayar farat ɗaya, kuma wannan motsin ne ke cilla ta. Nisan da take yi bai kai milimita ɗaya ba, amma ya ishe ta ta rabu da shafin ta faɗo ta tsakanin shafuka, iska ta ɗauke ta. Masu ɓoye iri ba su da wannan dabara kwata-kwata. Don haka aka ɗauka cewa tsatso biyu ne da suka rabu tun fil azal.

To amma dabarar tana da sharaɗi: sai da danshi a iska. A wurin da rana ke busar da ƙasa cikin sa'o'i bayan ruwa, laimar da ta buɗe za ta bushe kafin irinta ya nuna, kuma ɗigon ba zai taru ba. Wadda ta bar laimarta a rufe ita ce za ta tsira da danshinta har irin ya ƙosa, sannan ta bushe a hankali ta bar wa iska sauran aikin. Ƙwayoyin irin Podaxis suna da kauri a bango da launi mai duhu, abin da ke kare su daga zafi da hasken rana har su jira wata damina. Kuma ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Zuriyoyi da dama da ba su haɗa kaka na kusa ba sun shiga busassun wurare, kowacce ta rufe laimarta, suka ƙare da kama da juna. Idan ka hango ayari a cikin guguwar Sahara za ka ga kowa ya naɗe fuskarsa da rawani, Buzu da Balarabe da Bahaushe, amma ƙura ce ta sa su shiga iri ɗaya, ba haihuwa ba. Harry Thiers na Amurka ya yi bayanin wannan yanayi a 1984, tun kafin a samu hujjar ƙwayoyin gado.

Hujjar ta zo a shekarun 1990, lokacin da karanta DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, ya yi sauƙi. A 1997 David Hibbett da abokan aikinsa suka nuna cewa Gasteromycetes ba zuriya ɗaya ba ce. Masu ɓoye iri sun ɓullo sau da dama, a lokuta daban-daban, daga cikin masu baje shi. John Hopple da Rytas Vilgalys na Jami'ar Duke, da suke nazarin jinsin Coprinus, sun gano cewa Podaxis da wata 'yar hamada mai suna Montagnea suna zaune ne a cikin dangin Agaricaceae, kusa da Coprinus comatus. Wannan dangin shi ne na farin naman kazan da ake nomawa ana sayarwa a manyan kantuna, Agaricus bisporus. Dangin Podaxaceae ya rushe ke nan. Haka aka yi ta mayar da 'yan hamada gidajensu na asali: wadda aka daɗe ana kira Longula texensis a kudu maso yammacin Amurka ta zama Agaricus deserticola, Endoptychum agaricoides ta koma jinsin Chlorophyllum. Shi kansa Coprinus bai tsira ba. An daɗe ana tara duk laimar da ke narkewa ta zama baƙin ruwa a cikinsa, sai aka ga narkewar ma ba shaidar jini ɗaya ba ce. A 2001 Scott Redhead da abokansa suka kwashe mafi yawan nau'o'insa zuwa Coprinellus da Coprinopsis da Parasola a wani dangin daban, suka bar shi da 'yan tsiraru. Kama da wane ba ta wane.

A nan dole in tsaya in ja kunne, domin akwai mai karanta cewa Podaxis 'yar uwar naman kazan kanti ce ya ɗauka an ba shi lasisin ci. Dangin Agaricaceae ɗin nan ya ƙunshi Chlorophyllum molybdites, mai kore-koren iri, wadda ke tsirowa a ciyayi a ƙasashe masu zafi har da Afirka ta Yamma, tana sa amai da gudawa mai tsanani. Ya kuma ƙunshi wasu ƙananan Lepiota masu gubar da ke lalata hanta har ta yi kisa. Dangantaka tana faɗa maka tarihin halitta, ba ta faɗa maka abin da za ka sa a miya.

Mu koma kan adadi. Wadda ta share sunayen nan ita ce Elizabeth Morse, masaniya 'yar Amurka da ta yi aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1933 ta buga nazarinta a mujallar Mycologia. Ta samu abin da magabatanta na Turai ba su samu ba, wato samfura masu yawa daga hamadar Kalifoniya a kowane mataki na girma, ta kuma gwama su da waɗanda aka tara daga wasu nahiyoyi. Ta ga cewa abubuwan da aka dogara da su wajen raɗa sunaye ba su da tabbas. Launin gari yana canzawa da nuna. Tsayi yana bin yawan ruwa da irin ƙasa. Girman ƙwayar iri yana bambanta har a cikin samfuri guda. Abin da wani ya kira nau'i daban, sau da yawa yarinta ce ko tsufa na abu ɗaya. Hukuncinta shi ne nau'i ɗaya ne tak a duniya, mai yawan sauya kama, kuma bisa ƙa'idar wanda ya riga, sunansa Podaxis pistillaris.

Ina ganin Morse ta yi aikin kirki, kuma bai kamata a karanta abin da ya biyo baya a matsayin tonon asirinta ba. Ta yi gaskiya cewa alamomin da ake amfani da su ba sa raba komai. Inda hukuncin ya zarce hujja shi ne a tsallaken da aka yi daga "ba mu iya raba su da ido" zuwa "babu bambanci a tsakaninsu". Waɗannan magana biyu ne daban. Halittar da hamada ta matse ta cikin siffa guda ba ta da sararin nuna bambancinta a waje, ko da zuriyoyinta sun rabu da daɗewa. Shi kansa dalilin da ya sa Podaxis ta yi kama da waɗanda ba danginta ba, shi ne ya sa nau'o'inta suka yi kama da juna.

Hukuncin ya zauna shekara 80 da wani abu, kuma ya yi tsada. Da zarar an ce abu ɗaya ne a duk duniya, mai tsintar sa a Sudan ko Pakistan ba ya ganin dalilin busar da shi ya ajiye, ko ya rubuta a kan me ya same shi. Yana duba littafi, ya ga hoto ya yi daidai, ya rubuta Podaxis pistillaris, ya wuce. Duk bayanin da aka tara a kan ci da magani da wurin tsirowa ya zube cikin suna guda, ba a san wanne na wane ba ne.

Abin da ya ƙi shiga wannan tsari shi ne suri. Tun da daɗewa an lura cewa a kudancin Afirka wasu Podaxis ba a yashi suke fitowa ba, a kan surin gara suke, musamman na garar Trinervitermes mai yankan ciyawa tana tarawa a ɗakunan surinta. A arewacin Ostireliya ma haka, a kan surin Nasutitermes, kuma a 1999 Michael Priest da Michael Lenz suka ware ta can a matsayin nau'i mai zaman kansa, Podaxis beringamensis, wadda tsayinta kan kai mita guda. Kada a haɗa wannan da sanannen naman kazan suri da ake ci a sassa da dama na Afirka. Wancan Termitomyces ne, jinsin da Roger Heim ya bayyana a 1942, yana cikin wani dangin daban, Lyophyllaceae, kuma gara irin su Macrotermes noma shi suke yi a cikin suri, su ciyar da shi su ci daga gare shi. Trinervitermes ba manoma ba ne. Podaxis ta shiga surinsu ne ta wata ƙofar, a wani zamanin, ta samu inuwa da danshi da tarin ciyawa. Tambayar da ta taso ita ce ko wadda ke rayuwa a cikin suri da wadda ke rayuwa a tsakiyar yashi za su iya zama nau'i ɗaya.

Wata tawaga ƙarƙashin Michael Poulsen na Jami'ar Kofanhegan ta Denmak, tare da masana daga Jami'ar Pretoria da Wageningen ta Holan, ta ɗauki tambayar. A 2016 Benjamin Conlon da abokansa suka karanta DNA na samfuran kudancin Afirka, da yawansu tsofaffi ne daga ma'ajiyar busassun samfura. Suka tarar da rassan zuriya da dama a rarrabe sarai, wasu rassan a suri ake samunsu kullum, wasu kuma ba su da alaƙa da gara ko kaɗan. A 2017 wani nazarin da aka yi a Meziko ya nuna cewa ko a can ba zuriya ɗaya ba ce. Hukuncin 1933 ya faɗi.

Sai dai gano rassa rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ya fi wahala, shi ne sanin sunan da ya dace da kowane reshe. Ga sunaye sama da 40 a jibge, kowanne a ɗaure da samfurinsa na asali, wasu a Landan, wasu a Uppsala, wasu a Faris. Ba za ka raɗa wa reshe sabon suna ba alhali wataƙila wani ya riga ya raɗa masa tun 1843. Ba kuma za ka ci gaba da kiran kowa pistillaris ba, domin wannan sunan na reshen da samfurin Linnaeus na Indiya ya faɗa cikinsa ne kawai. Dole a koma ga tsoffin samfuran a ciro DNA daga jikinsu, alhali DNA yana rududdugewa da tsufa. A nan taurin ƙwayar irin Podaxis ya yi rana. A 2021 tawagar ta ba da rahoton cewa ta tsirar da iri daga samfuran da aka tara a ƙarni na 18, bayan sun yi sama da shekara 200 a ajiye. Abin da ya tsiro rayayye ne, ana iya karanta ƙwayoyin gadonsa gaba ɗaya. Nazarin ya kuma nuna cewa nau'o'in da suka koma zaman suri taskar gadonsu ta ragu idan aka gwama da masu zaman kansu a hamada, abin da ake yawan gani a halittun da suka jingina rayuwarsu da wata halitta. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa bambancin ba na wurin kwana ba ne kawai, ya shiga jini.

A 2023, a mujallar Persoonia, Guangshuo Li da sauran 'yan tawagar suka haɗa hujjojin wuri guda: DNA, siffar jiki da ta ƙwayar iri, wurin rayuwa, da yankin da ake samun kowanne. Suka tsayar da nau'i aƙalla 16. Guda 11 sun dace da sunayen da aka riga aka raɗa, ciki har da tsoffin da aka binne a 1933, aka tono su aka mayar musu, guda 5 kuma sababbi ne. Wato masanan ƙarni na 19 da aka zarga da yawan raɗa suna sun dace a wasu wuraren, ko da yake dalilan da suka bayar ba su ne suka tabbatar da su ba. Wasu sunayen nasu kuwa har yanzu maimaici ne, kamar yadda Morse ta faɗa.

Ba na son a ɗauki 16 ɗin nan a matsayin saukakken adadi. Ɗan guntun DNA da aka fi amfani da shi wajen tantance waɗannan halittu, wanda ake kira ITS kuma aka amince da shi a matsayin ma'auni na bai-ɗaya a 2012, harafi ɗari shida zuwa bakwai ne kawai daga cikin miliyoyi. Yana nuna cewa rukuni biyu sun bambanta, amma ba ya faɗa maka ko bambancin ya kai a kira su nau'i biyu. Mutum ne ke ja wannan layin, shi ya sa nazarin 2023 ya fi na baya ƙarfi, don bai tsaya a guntu ɗaya ba. Sannan rumbunan intanet da ake zuba sakamakon DNA a ciki suna ɗauke da kurakuran masu zubawa: wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na bayanan masarautar laimar kwaɗi da funfuna da ke can suna ɗauke da sunan da ba daidai ba. Ga Podaxis matsalar ta fi haka, tun da shekara da shekaru suna ɗaya kowa ya sani. Babban abin kuma shi ne bishiyar zuriya ba ta nuna reshen da ba a kawo samfurinsa ba. Inda aka fi tattarawa, nan ne aka fi samun nau'o'i.

Wani zai ce duk wannan gardamar malamai ce, me ya shafi mai gona? Ya shafe shi ta wajen amfani. A Rajastan da wasu sassan Pakistan da Afganistan ana cin Podaxis tun tana ɗanya fara, kafin cikinta ya juya, har ana sayar da ita a kasuwa. A kudancin Meziko ma ana ci. 'Yan asalin Ostireliya na hamada suna shafa baƙin garinta a jiki da gashi. A Yaman ana amfani da ita wajen ciwon fata, kuma wani nazari na 2006 ya samu sinadarai masu yaƙar ƙwayoyin cuta a cikin samfuran can. A Mali masu maganin gargajiya suna barbaɗa garin a kan rauni da ƙuna, kuma masu binciken da suka rubuta wannan sun yi amfani da tsohon sunan Podaxon aegyptiacus. Muddin nau'i ɗaya ne, ana iya cewa abin da aka gwada a Yaman ya hau kan na Mali, abin da ake ci a Indiya ana iya cin sa a Damagaram. Da zarar sun zama 16, wannan zato ya rushe. Kowane sakamako na nau'in da aka gwada ne, kuma idan mai binciken bai ajiye samfurin da ya yi aiki da shi ba, babu hanyar sanin wanne ya gwada. Aikinsa yana nan a takarda, amma ba a san a kan wa aka yi shi ba.

Wannan ne ya sa batun ya dame ni game da yankinmu. Jinsin a kan samfurin Senegal aka kafa shi. Yashin da take so muna da shi daga can har Tafkin Chadi, garar Trinervitermes kuma tana cike da dazukan arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Amma ƙarfin nazarin da aka yi a 'yan shekarun nan ya karkata ne ga kudancin Afirka da Amurka da Ostireliya da tsoffin ma'ajiyoyin Turai, domin a can samfuran suke. Masana sun ƙiyasta a 2017 cewa wannan masarauta tana da nau'i tsakanin miliyan 2.2 da miliyan 3.8, waɗanda aka raɗa wa suna kuwa a lokacin kusan 120,000 ne, kuma busassun ƙasashe masu zafi suna cikin wuraren da aka fi yi wa sakaci, don an daɗe ana ɗauka cewa laimar kwaɗi kayan kurmi ce.

Aikin da ake buƙata daga ɓangarenmu ba mai tsada ba ne, ɗalibin sashen nazarin halittu a Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri zai iya fara shi a damina guda. A ɗauki hoton abin a inda yake kafin a taɓa shi. A tono shi da gindinsa, kada a karya. A rubuta rana da wuri, da ko a yashi yake ko a gona ko a kan suri, idan a kan suri ne a kama 'yan garar a saka a kwalbar sinadari don a san irinsu. A tambayi mutanen wurin sunan da suke kiransa da abin da suke yi da shi, a rubuta yadda suka faɗa. A nemi ƙanana da manya daga wuri guda, domin kuskuren ƙarni na 19 daga samfuri ɗaya-ɗaya ya samo asali. A busar, a ba shi lamba, a ajiye a ma'ajiyar jami'a inda wani zai iya zuwa ya duba, sannan a aika ɗan gutsure a karanta DNA ɗinsa a gwama da na 16 ɗin da aka sani. Idan ya dace da ɗayansu, an faɗaɗa taswirar wannan nau'in. Idan bai dace da kowa ba, to sai a bi ƙa'idar da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2013, wadda ta wajabta yi wa kowane sabon suna rajista a ɗaya daga cikin rumbunan da aka amince da su, MycoBank ko Index Fungorum ko Fungal Names, kafin a buga shi, kuma samfurin asali na sabon sunan yana iya zama a ma'ajiyar da ke ƙasar da aka tsince shi.